Garzali Mai Hoto da Shanun Tukur

A Gaya in ka ce Garzali sai an tambaye ka wanne, amma in ka ce Garzali mai hoto babu mai sake tambaya. Shagonsa na nan a hanyar kasuwa, ɗaki ɗaya da benci a ƙofa. Daga Gaya har Ajingi, gidan da duk ka shiga ka ga hoto rataye a bango, da wuya in ba hannunsa ba ne: na amarya, na mai jego, na alhazan da suka je suka dawo da waɗanda ba su dawo ba.

Ɗan manoma ne gaba da baya. A wani ɗan ƙauye wajen Balan aka haife shi, can gonar gadonsa take, can kuma ya auro matarsa Asama'u. Ya fara sakandare bai kai ƙarshe ba, aka miƙa shi ga wani mai hoto a Kano tun zamanin fim, lokacin da sai an shiga ɗaki mai duhu an wanke kafin a ga abin da aka ɗauka. Ya dawo gida da sana'a a hannu. Ko da aka koma kyamarar zamani mai kati, idon kyamara biyu yake aiki da su, abin da masu sana'ar ke kira lens. Ɗaya mai faɗi ne, na taro. Ɗayan ɗan ƙarami ne mai haske, na fuska, wanda ba ya jawo komai, in kana son mutum ya cika hoto sai ka taka ka je gabansa. Saboda haka da ƙafa Garzali ke aiki. Ya matso, ya durƙusa, ya gyara wa tsoho hula, ya ja baya, ya sake matsowa. Tsofaffin mata kan tambaye shi ko cikin hancinsu zai shiga, shi kuma ya ce a'a Iya, kyan ne ke jan sa. A yi dariya, a cikin dariyar ya danna.

Haka ya yi ta yi har furfura ta fara fito masa. Wata damina yana dawowa daga ɗaurin aure a Ajingi, babur ya zame da shi a inda ruwa ya cinye hanya. Kyamara ta tsira don ya rungume ta, ƙugunsa ne bai tsira ba. Ya daɗe a kwance a hannun mai ɗori. Da ya tashi ƙafar dama ta gajarce, tafiya sai da sanda, durƙuso ya gagara, tsayuwa mai tsawo ma ta gagara. A lokacin kuwa wayoyi sun riga sun cinye rabin sana'ar, kowa mai hoton kansa ne. Mutane suka fara cewa Garzali ya gama. Da muryar tausayi suke faɗa, amma a cikin masu tausayin babu wanda ya taka ya kawo masa aiki.

Bai gama ba. Ya tattara lens ɗinsa biyu ya shiga mota zuwa Kano, ya yi musaya da guda ɗaya, dogo mai nauyi, irin wanda ake kira mai zum. Mai shagon ya ce masa wannan shi kaɗai ya isa komai. In ka murɗa nan ya kwashe taro gaba ɗaya, in ka murɗa can ya jawo maka mutumin da ke ƙarshen fili kamar ka miƙa hannu ka taɓa shi.

Abin da mai shagon ya faɗa gaskiya ne, wanda bai faɗa ba ne ya yi yawa. Lens ɗin ya mai da Garzali bakin aiki, wannan ba mai musu. A ajiye masa kujera a inuwa, ya ɗauki liman, ya ɗauki ango, ya ɗauki 'yan rakiya, duk bai motsa ba. Babu cire wannan a sa wancan a tsakiyar taro har abin da ake so ya wuce. Jaka ɗaya zai rataya ya hau adaidaita. Wasan ƙwallo da bai taɓa ɗauka ba ya fara ɗauka. Tukunyar gidansa ta koma tafasa kamar da.

Sai dai abin ba ya son duhu. Ɗakin ƙauye taga ɗaya ce ƙarama, in ya shiga ɗaukar mai jego sai hoton ya fito kamar an shafa masa toka, dole a fito da ita tsakar gida da jariri a hannu. Ɗan ƙaramin da ya rabu da shi kuwa, ko da hasken fitilar ƙwai gani yake. In ya murɗa shi ya buɗe don taron mata, duk wadda ta tsaya a gefe sai ta fito a baje, har mata suka gane suka riƙa rububin tsakiya. Wata ta ce masa ita ba ta san laifin da ta yi masa ba da zai mai da ita randa. In ya murɗa shi can ƙarshe hoton ya yi laushi, gashin gemu ba ya fita. Ga nauyi, in ya rataya a wuya bakin ya riƙa zazzagowa da kansa. Garzali bai taɓa ɓoye wa mai tambaya ko ɗaya ba. Yakan ce wannan ba gwani ba ne, ɗan aike ne, duk inda ka tura shi zai je, amma kada ka sa rai zai dawo maka da abu cikakke. Aibi ɗaya ne bai sa a lissafi ba, shi ne kuwa ya tayar da gida guda.

A bayan ƙauyen su Garzali akwai rugar Tukur. Bafulatani ne, amma in zama ne ke sa mutum ya zama ɗan gari, to ya fi wasu masu ɗaga hanci, don mahaifinsa ne ya kafa rugar kuma nan aka yanke cibiyarsa. Da rani yakan sauka da shanunsa a gonakin mutane su zuba taki a ba shi hatsi. Da damina yakan bi burtali, hanyar shanu da ta ratsa bayan gonaki, ya kai su ruwa ya dawo. Matarsa Hanne ce ke kawo nono cikin gari. Shi da Garzali sun san juna tun ƙuruciya, in sun haɗu Tukur ya ce kaɗo mai kama mutane a takarda, Garzali ya ce ɗan daji mai tsoron kyamara.

Gona ta ƙarshe kafin burtali ta Musbahu ce, yayan Asama'u. Ƙarshen wata damina, gyaɗa ta kusa cira, Musbahu ya je ya tarar an cinye masa ganyen gefe guda. Tun a gonar ya yanke hukunci cewa shanun Tukur ne. Aka kira Tukur ya zo ya duba, ya tsuguna ya nuna musu kashin awaki, ya ce saniya ba haka take ci ba. Ga shi dokar gari sananniya ce: da damina kowa ya ɗaure dabbarsa, ba a saki sai an gama kaka mai unguwa ya sa an yi shela. Amma akwai gidajen da ke kwance awakinsu da sassafe a ɓoye, kuma babu wanda bai san gidajen ba. Ba a so bin wannan zancen ba, don in an bi shi ƙofar wani babba zai tsaya. Bafulatani ya fi sauƙin kamawa. Mai unguwa dai ya ce shi ba ya hukunci da zato, a kawo masa shaida.

Washegari Musbahu ya iso shagon Garzali, ya ce ya ɗauko dogon abin nan nasa su je gona. Garzali ya ce da an bari an zauna da Tukur an yi magana. Musbahu ya ce shi ba faɗa ya ce ya yi ba, abin da ido ya gani kawai yake so. Yayan mata ba a yi masa musu sau biyu, balle wanda ya riƙa turo musu hatsi lokacin da Garzali ke kwance. Ya ɗauki jaka ya bi shi.

Da la'asar suka je, lokacin da shanu ke dawowa daga ruwa. Adaidaita ya sauke su a gindin wata ɗorawa a bakin gonar ta ɓangaren gari. Gonar doguwa ce, ƙasa kuma ta jiƙe, sanda nutsewa take yi. Musbahu ya ce su tsaya nan, in sun matsa za a gan su a kauce. Garzali ya ji daɗin hakan a ransa saboda ƙafarsa. Can shanu suka ɓullo. A ido fararen ɗigo ne kawai a nesa. Ya jingina da ɗorawa, ya murɗa lens har ƙarshe, ya leƙa.

Ganyen gyaɗa kore shar ya cika ƙasan hoton, shanu tsaye a cikinsa har gwiwa, wata ta sunkuyar da kai. Ga Tukur kansa a tsakiyarsu, sanda a kafaɗa, ko alamar kora ba ya yi. Garzali ya ji ciwon abin, don bai zaci haka daga Tukur ba. Ya danna.

Kafin rana ta faɗi hoton ya shiga wayar Musbahu, kafin ta sake fitowa ya shiga ta kowa. Mutanen da ba su san hanyar ƙauyen ba, waɗanda ko gyaɗa a gona ba za su gane ba, su ne kan gaba wajen rubuta zagi a ƙarƙashinsa. Ya je Gaya, ya je Ajingi, ya wuce inda Garzali bai taɓa takawa ba.

Aka taru a ƙofar mai unguwa. Tukur ya rantse bai sauka daga burtali ba. Sai aka miƙa masa hoton da Garzali ya wanke a takarda. Ya daɗe yana dubawa, ya juya shi, ya sake dubawa.

"Shanuna ne," in ji shi. "Ni ne kuma. Amma ban shiga ba."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce hoto ai ba shi da dangi, ba ya kuma karɓar toshiya. Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya juya ya tambayi Garzali ko shi ya ɗauka, kuma ko da idonsa ya gani. Garzali ya ce ranka ya daɗe shi ya ɗauka, da idonsa ya gani. Bai ɗauka ƙarya yake yi ba. Sai mai unguwa ya ce samari sun ɗau zafi, shi kuma ba zai jira sai an zubar da jini a ƙasarsa ba. Ya yanke hukunci Tukur ya nemi wani wuri, kafin a gama kaka ya tashi.

Garzali ya koma shago da nauyi a zuciya, yana lallashin kansa cewa shi gaskiya ya faɗa. Ana cikin haka aka kira shi saukar karatu a wata Islamiyya a Ajingi. Aka ajiye masa kujera can baya, ya jawo layin malamai ya ɗauka. Ranar da ya kai hotunan, shugaban malaman yana dubawa sai ya tsaya a kan ɗaya ya fara murmushi.

"Malam Garzali, yaushe mai rake ya yi sauka ba a gaya mana ba?"

Aka leƙa. Ga mai rake da baronsa a kafaɗar malamai, kamar a cikin layinsu yake zaune. Alhali kowa ya san ranar a ƙetaren titi yake, bayan shingen makaranta. Malamai suka yi ta dariya, ɗaya ya ce a rubuta masa shahada. Garzali kaɗai bai yi dariya ba. Ya san wannan hali na lens ɗin tun tuni. In aka murɗa shi can ƙarshe, yakan matse na kusa da na nesa ya haɗa su wuri ɗaya, tazarar da ke tsakani ta ɓace. Har amfani yake da hakan wajen amare, ya sa bishiya mai fure da ke nesa ta dawo bayan amarya. A matsayin kwalliya ya san abin. Bai taɓa tunaninsa a matsayin shaida ba.

Daga Ajingi bai koma gida ba, ƙauye ya wuce. Ya sauka a gindin ɗorawar, ya shiga gonar da ƙafarsa, abin da ya kamata ya yi tun ranar farko. Sanda na nutsewa yana zarewa, ya faɗi ya tashi, har ya kai kunyar ƙarshe. A nan ya tsaya. Bayan kunyar ƙasa ta gangara ta yi kwari, bayan kwarin akwai saura, tsohuwar gonar da aka daina nomawa, cike da ƙaya, sannan burtali. In ka yi jifa daga inda yake dutsen ba zai kai ba. Ya duba cikin gonar, babu kashin saniya ko ɗaya, burtali kuwa cike yake da shi. Shanun ba a cikin ganye suke tsaye ba. Ganyen ne ya tare kwarin da ƙafafunsu, lens kuma ya ɗauko su ya ɗora a kai.

Ya iso gida da yamma, rigarsa duk laka. Asama'u na tankaɗe a tsakar gida. Ya zauna a kan turmi ya gaya mata komai, ya ce gobe zai je wajen mai unguwa. Ta ajiye rariya.

"Baban Raihana, ka san abin da kake shirin yi kuwa? Yayana za ka tsayar gaban mutane ka ce ya yi ƙarya."

"Ba shi ya yi ba. Ni aka tambaya, ni na ce na gani."

"To ba ka gani ba?"

"Na ga abin da lens ya nuna mini. Gonar ban shiga ba sai yau."

Ta tuna masa wanda ya ciyar da su lokacin da yake kwance. Ta ce in shi da bakinsa ya ce hotonsa na ƙarya, wa zai sake kiransa aiki, kuma da wace ƙafar zai yi noma in sana'ar ta mutu. Ta ce Tukur makiyayi ne, tashi ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Garzali ya ce ba baƙon abu ba ne ga wasu, amma shi Tukur bai san wani wuri ba, kuma a kan maganarsa ake tashinsa. Ta ɗauki rariya ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare. Sannan ta ce in dai sai ya je, to ya fara zuwa wajen Yaya, kada ya ji a bakin mutane.

Da safe ya sami Musbahu a ƙofar gida yana gyaran fartanya. Ya gaishe shi, ya yi bayani a hankali, tun daga mai rake har kwari. Musbahu bai ɗago ba.

"Gyaɗata an ci ko ba a ci ba?"

"An ci, Yaya."

"To me ya rage? Me ya ba ka ne, maraƙi?"

Garzali ya haɗiye wannan. Ya ce ya zo ne don kada a ce ya zagaya ta baya, daga nan gidan mai unguwa zai wuce. Musbahu ya ce hanya ai ba tasa ba ce.

Mai unguwa bai so a tono maganar da ya riga ya binne ba. Ya ce hukunci ba riga ba ce da za a sa yau a cire gobe. Garzali ya ce ranka ya daɗe a kan bakinsa aka yi hukuncin, shi kuma ya zo janye bakinsa, abin da yake roƙo kawai a je gonar. Da ƙyar aka yarda. Da la'asar mutane suka ɗunguma zuwa gindin ɗorawa, wasu don gaskiya, mafi yawa don kallo. Tukur ma an kira shi, ya tsaya can gefe shi kaɗai.

Garzali ya roƙi mutum biyu su je su tsaya a tsakiyar burtali. Kowa na gani suka ratsa gonar, suka gangara kwari har kawunansu suka ɓace, suka ɓullo, suka ƙetare saura, suka tsaya. Ya jingina inda ya jingina ranar nan, ya murɗa har ƙarshe, ya danna, ya miƙa wa mai unguwa kyamarar ya duba bayanta. Ga mutanen nan biyu tsaye cikin gyaɗa har gwiwa. Mai unguwa ya dubi kyamara, ya ɗaga kai ya dubi burtali, ya sake duban kyamara. Kyamarar ta riƙa yawo hannu zuwa hannu. Da mutanen biyu suka dawo aka nuna musu, ɗayansu ya dafa ƙirji ya ce wa Musbahu shi dai wallahi bai ci masa ganye ba, kada a ce ya tashi. Wasu suka yi 'yar dariya, ta mutu nan take.

"Ashe duk hotunan da ka yi mana shekara da shekaru ƙarya ne," in ji Musbahu.

"A'a Yaya, wannan ɗin ne. Kuma ba kyamarar aka tambaya ba, ni aka tambaya."

Mai unguwa ya janye hukuncinsa a nan take, wannan kam a yaba masa. Ya kira Tukur ya ce ya zauna a inda ubansa ya zauna. Maganar awaki kuwa ko tari ba wanda ya yi a kanta. Gyaɗar Musbahu ta zama aljanu ne suka ci.

Garzali ya ɗauka an gama. Ya tura hoto na biyu ga duk wanda ya san yana da na farko, ya yi bayani da muryarsa, ya roƙa a yaɗa. Ba a yaɗa ba. Yatsun da suka yi rawa wajen tura na farko duk sun yi ciwo ranar. Wa zai tura hoton mutum biyu tsaye a gona, babu wanda za a zaga a ciki? Na farkon kuwa na nan yana tafiyarsa, har da sabon rubutu a ƙasa, har da sunan wani gari da ba nan ba.

Hanne ta riƙa shigowa gari da nono tana komawa da shi. Gidajen da suka shekara suna saye suka ce sun ƙoshi. Aka wayi gari an jibge ƙaya a bakin burtali, Tukur ya kwashe, aka sake jibgewa. Wata rana aka jefi maraƙinsa a ido. Babu wanda ya ga mai jifan. Shi ma Garzali ya samu rabonsa. Samari suka laƙaba masa mai hoton ƙarya, in ya wuce a adaidaita su ce a matsa kada ya saka mutum a gonar wani. Bikin 'yar Musbahu aka yi da wayoyi, ba a kira shi ba. Asama'u ta je ta dawo da wuri, ba ta kuma taɓa ce masa ai na gaya maka ba.

Da aka gama kaka labari ya iso shago cewa Tukur na ɗaure kaya. Garzali ya rufe shago da hantsi ya tafi. Ya tarar an riga an kwance bukkoki, an ɗora wa jakuna, Hanne na ɗaure ƙore a cikin raga. Tukur ya shimfiɗa masa buzu a inuwa, ya sa aka kawo masa nono. Suka gaisa kamar ba abin da ke faruwa. Sannan Garzali ya ce ai an ce ya zauna, mai unguwa da bakinsa ya faɗa, kowa ya ji.

"Mutum ɗaya ne ya ce in zauna, mai hoto. Ranar kasuwar Ajingi wani da ban taɓa gani ba ya tare ni ya nuna mini kaina a waya. Ya ce ni ne ko ba ni ba ne. Me zan ce masa? Ni ne."

Garzali ya roƙe shi ya yafe masa. Tukur ya ce ya yafe tun ranar da ya gan shi ya tsaya gaban mutane ya janye maganarsa, don ba kowa ke iyawa ba. Ya juya ya dubi shanu.

"Ranar nan fa na hango ku a gindin ɗorawa. Na gane sandarka. Na ɗauka ƙarasowa za ku yi, shi ya sa na tsaya."

Garzali ya ajiye ƙwaryar nonon bai sha ba. Ya tambayi inda za su. Tukur ya ce gabas, wajen dangin Hanne, in an karɓe su to, in ba a karɓe su ba su ƙara gaba. Ya tashi ya taimaka wa Garzali ya miƙe, ya miƙa masa sandarsa, ya raka shi har inda adaidaita ke jira. Kafin azahar shanu sun hau burtali.

Garzali na nan a shagonsa har yau, da lens ɗin nan guda, don ƙafa ba ta ƙaru ba kuma ba shi da wani. Aiki ya ragu, amma ana zuwa. Wurin rugar kuwa, ƙasa baƙa wuluk da takin shekaru tun na mahaifin Tukur, ko damina ɗaya bai yi a banza ba. Tun kafin ruwan farko aka je aka ja iyaka aka raba, ba tare da gardama ba, kuma cikin waɗanda suka samu har da masu awakin. Geron da aka yi a wurin a shekarar, an ce tsofaffi ma ba su taɓa ganin irinsa ba.